Ranar da Na Saci Jinin Ɗan Mutane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi sata a likitar Magariya, wato asibiti, ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Kuma ba zane na sata ba, ba goro ba. Jini na sata.

Yarona ɗan fari ne, lokacin bai cika shekara biyu ba. Tun yana wata shida yake fama. Yau zazzaɓi, gobe hannuwa da ƙafafu su kumbura kamar an hura su, in an taɓa shi sai ihu. Na lura abin ya fi tashi in ruwa ya dake shi ko sanyi ya shigo, kuma farin idonsa yakan koma rawaya. An sha rubutu, an yi jiƙo, an yi hayaƙi. Uwar mijina, Inna, mace ce mai kirki, ita ke goya shi in na gaji. Amma tana da magana guda da takan saki tana ɓarar gyaɗa: "Mu dai a gidanmu ba mu da irin wannan jini." Ba ta kallona in ta faɗa. Ba ma sai ta kalla ba.

Lokacin awon gyaɗa sai mai gari ya sa aka yi shela, wai kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya ce a kai yara likita, wani lokotoro Nasara ya zo duba jini. Aka ce jini iri-iri ne kamar gero da dawa, kuma wani iri ya fi wani kama cuta. Ina jin haka na ce shi ke nan. Abin da Inna ke faɗa a tsakar gida, yanzu Nasara zai faɗa a gaban duniya. Kwana uku ina shan zoɓo ina ɗura wa yaron, wai don jininmu ya yi ja. (Ku riƙe dariyarku, ba mu zo wurin ba tukuna.)

Daga ƙauyenmu na wajen Dungas muka bi ayarin masu kai gyaɗa, ni da Inna da yaron, sai da muka kwana a hanya. Da muka isa Magariya muka tarar an kafa tebur a gindin tsamiya. Babban ma'aikacin likita, wanda ake kira Majo, shi ke soka yatsan yaro, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan gilashi, ya jera a faranti. Na zuba ido sosai, na ga yadda muke a layi haka yake jera su.

A gabana akwai wata mata daga Waca, mai tuyar ƙuli-ƙuli, da ɗanta jibgege, wuya duk ninki. Aka soke shi bai ko motsa ba. Aka ajiye gilashinsa, aka ajiye namu kusa da shi. Sai lokotoro ya ƙwala wa Majo kira daga ɗaki, ya juya. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya miƙa ba. Na mayar da na ɗan mutane wurin namu, namu wurin nasa, na koma inuwa na zauna kamar mutuniyar kirki.

Bayan azahar Majo ya fito ya tafa hannu. "Kafin in kira sunaye, ku saurara. Yaran da jininsu ya nuna, za mu rubuta su. Za a riƙa ba su kinin saboda zazzaɓi, kuma ran da ciwo ya taso a kawo su, ba layi. Sauran kowa ya kama hanyar gida."

Nan na ji kamar an kwara mini ruwan randa. Wato wannan ƙaton yaro zai yi ta haɗiyar kinin mai ɗaci a banza, nawa kuma in goya shi mu koma Dungas hannu wofi. Ni da hannuna na cire shi daga magani, don kada a ce jinina ne. Na dubi yatsunsa da ba su gama sacewa ba. Na dubi Inna.

Na miƙe. "Majo, tsaya! Na sauya gilashi!" Har na kama sunan yaron da ƙarfi, sunan ɗan fari da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. Inna ta rufe baki da gefen zane.

Matar Waca ce ta fara dawowa hayyacinta. "Lahaula! Ke baiwar Allah, mun san ɓarawon akuya, mun san na gyaɗa. Jinin ɗana kika sata? Miya za ki yi da shi?"

Mata suka kwashe da dariya, har da masu guɗa. Majo ya yafito ni, ya ɗaga gilashin sama. "Yarinya, me kika gani a gefen nan?"

"Wani ɗan zane, kamar sawun kaza."

"Nimero ne, wato lamba. Kowane yaro da nasa. Ko Damagaram kika kai shi kika ajiye, na ɗanki ne."

Ashe satar ma ban iya ba. Na tona wa kaina asiri a gaban matan gari goma, a kan laifin da bai ko ci ba. Majo ya juya wa lokotoro maganar da Faransanci, shi ma ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Na so ƙasa ta tsage.

Da aka watse Majo ya kira mu gefe, ya ce yaron yana da amosanin jini. Sannan ya dubi Inna, ban san me ya gani a fuskarta ba. "Inna, wannan ciwo uwa kaɗai ba ta iya ba da shi. Sai ta kawo rabi, uba ya kawo rabi. Su biyun lafiyarsu lau, ba wanda ya san yana ɗauke da shi."

Muka kama hanyar gida. Sai da muka yi nisa da gari, jakuna suna gaba, Inna ta ce, "Ƙannen mijinki biyu na binne. Haka hannuwansu suke kumbura." Ta kwance yaron daga bayana ta goya. Ashe duk wannan magana ta "gidanmu", ita ma tsoro take ji, kuma nata ya girmi nawa da shekaru.

Yaron yana nan, wani wata lafiya, wani wata da wuya. Na gane na fi tsoron bakin mutane a kan ciwon ɗana, kuma saura kaɗan shi ya biya. Na kuma gane duk mai niyyar sata a likita gara ta fara koyon karatu. Har yau in na je karɓar kinin, Majo na hango ni zai ce, "A rufe faranti, ga ta nan tafe."