Hayar Fatar Hawainiya

A Dajin Marke, tun da majalisa ta zartar cewa duk abin da ido ke hangowa daga hanya mallakarta ne, babu kututture ko dutsen da ba a ba da hayarsa ba. Allon talla mafi girma na Kura ne, a mashigar rafi. Ga hotonta, baki a rufe, ido a lumshe, an rubuta: "Gidan Renon Kura. Kawo ɗanki, ki huta."

Hawainiya ta san inda 'ya'yan suke ƙarewa, domin reshenta bayan gidan yake kallo. Muryarta ba ta kai nesa, fenti kuma ba ta da shi. Wata safiya ta hau allon a hankali, ta kwanta a kan bakin Kura da ke hoton, ta rikiɗe fari da ja. Masu zuwa ruwa suka ɗaga kai, suka ga haƙora da jini. Iyaye suka juya da 'ya'yansu.

Aka gurfanar da ita gaban majalisa. Kura ta yi kuka da hawaye na gaske, domin ta kwana biyu ba ta ci ba.

"Allah ya ja zamanin shugaba," in ji Hawainiya ga Toron Giwa, "ban goge harafi ba, ban ƙara ba. Jikina ne na shimfiɗa, ina shan hantsi."

Aka yi dariya. Dila, lauyan majalisa, ya bari ta lafa, sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, baiwar Allah ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyarta ce hujjarmu. Ana hango fatar nan daga hanya ko ba a hangowa? In ana hangowa, bango ce. Bango kuwa ba hukunta shi ake yi ba, hayarsa ake bayarwa. Mu ba azzalumai ba ne da za mu ɗaure mai fasaha."

Majalisa ta yaba wa kanta bisa wannan sassauci. Kunkuru kaɗai ya janye kansa ciki, yana tunanin faɗin bayansa. Kura ce ta karɓi hayar.

Yanzu kullum Hawainiya tana kwance a wurin da ta zaɓa da kanta, launinta ruwan hoda, an lanƙwasa ta siffar murmushi. Shaho yana saman allon yana gadi. Tana jin farin da jan suna motsi ƙarƙashin fatarta kamar zazzaɓi.

Wata Barewa, cikin waɗanda suka juya a ranar, ta tsaya da ɗanta.

"Yaya Hawainiya, ke ce a nan? Ashe sun gyara hali?"

Hawainiya ta juya ido ɗaya ga Barewa, ɗaya ga faratan Shaho.

"To, alhamdu lillahi," in ji Barewa. "Da akwai wani abu, ai da kin nuna mana. Taho, auta, kada wuri ya cika."

Hawainiya ta bi su da ido har ƙofar ta rufe. Launinta bai canza ba.