Rigar Gudu a Cikin Likkafani

Ba zan taɓa mantawa da hajjin da Hajiya Sakina ta sauka a gidanmu na unguwar Misfala a Makka ba, ko da na so in manta. Daga tsibirin Tirinidad ta zo, ba Larabci balle Hausa, sai Turanci. Ni kuwa na yi shekara biyu a sakandaren 'yan mata a Sudan kafin Baba ya kwaso mu zuwa Makka, sai aka ce ni ce tafinta. (Ranar, don jin kai, ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa.)

Matar ba ta da zance sai makarantar 'yarta Amina. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin karatu mai bene cike da littattafai, filin ciyawa a bakin teku inda 'yan mata ke tsere. Amina ce ta ɗaya a aji, Amina ce ta ci kofin gudu. Gaskiya haushi nake ji, don ni nawa karatun a bakin jirgin ruwa ya tsaya. Kwana tara ina shan labarin Amina, ban taɓa tambayar ina take ba.

Wata rana Inna ta ce in raka Hajiya Sakina Harami ta jiƙa likkafaninta da zamzam ta shanya, yadda alhazai ke yi. Rana ta take, ina ta "yalla, yalla" don ta yi sauri. Ina warware farin yadin sai ga wata shuɗiyar riga marar hannu ta faɗo, da lamba a bayanta. Na ɗaga ta da yatsa biyu a gaban mata, na ce da Hausa, "Ku ga ikon Allah, wanki ta kawo!" Suka kwashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, na juya na ce mata da Turanci, "Hajiya, nan ba wurin wanki ba ne. In Amina na son zamzam ta rugo da kanta, tunda gwanar gudu ce."

Ta karɓi rigar ta ninke a hankali. "'Yata, Amina ta rasu. Zazzaɓi ne, sati biyu bayan kofin. In na mutu so nake a naɗe ni da rigar."

Wata tsohuwa Basakkwaciya ta taɓo ni. "Ke ɗiya, mi ta ce?" Ni mai baki, tafintar Misfala guda, na kasa fassarawa.

Da na gaya wa Inna, "Aib!" kawai ta ce, wato abin kunya, ta ci gaba da tankaɗe. Hajiya ba ta sake ambaton makarantar ba. Ni ce na koma bin ta ina tambayar filin nan da ɗakin karatun, tana amsawa da e ko a'a. Ranar da ta tafi Jidda na tarar da littafin kimiyyar Amina a kan tabarmata, ba ko sallahu.

Har yau haƙuri bai ishe ni ba, kada in yi muku ƙarya. Amma in uwa ta dame ni da labarin ɗanta, nakan fara tambayar yana ina, kafin in saki wannan bakin nawa.