Koren Maɓallin Sakatariya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a zauren taro na sakatariyar ƙaramar hukumar da nake wa aiki a nan Maiduguri. Waɗanda suka halarta su ne Ciyaman, da kansiloli, da shugabannin sassa, da lawanai biyu, wato dagatai, da kuma Yagana, injiniyar da aka ɗauko ta sabunta mana shafinmu na intanet. Sai ni a tsaye da makirufo a hannu, cikin farar shaddar da ba na taɓawa sai ranar sallah. (Na kawo lokacin daidai ne saboda agogon bango yana fuskantata, kuma shi na fi kallo a ranar.)

Kafin sakatariya, shekara goma sha tara na yi ina karanta labarai a rediyo. Iyayena daga Kano suka zo, a gida Hausa muke yi, a wurin aiki kuma aka ƙara goge mini ita. An san ni da abu ɗaya, ba na tuntuɓe a kan iska. Da na bar rediyo aka ɗauke ni jami'in yaɗa labarai, amma na gwaji, wata uku. Talatar nan, ranar ƙaddamar da sabon shafin, ita ce ƙarshen wata ukun. A ranar Ciyaman zai faɗi ko an bar ni a kujerar, kuma ko ni za a damƙa wa ikon shafin gaba ɗaya. Ni dai har na fara tunanin inda zan juya teburina.

Tsohon shafinmu abin tausayi ne. Hoton da ke gabansa na wani ciyaman ne da aka yi biyu bayansa. In ana son canja ko da layi ɗaya, sai an kira wani mutum da ya koma Kaduna, shi kuma wayarsa kullum a kashe. Yagana ta kawo sabuwar manhaja wadda duk mai kalmar sirri zai shiga ya rubuta, ya sa hoto, ya fitar, ba sai an nemi kowa ba. Ta fara da gina mana shafin gwaji.

"Malam, nan babu wanda yake gani sai ni da kai," in ji ta. "Ka rubuta duk abin da ka ga dama har hannunka ya saba."

Na ce, "To, ɗakin atisaye ke nan. Mun san shi."

Ta nuna mini maɓallai uku. Mai ruwan toka yana ajiye rubutu ba tare da ya fito ba. Kore yana wallafawa. Ja yana gogewa. Na gyaɗa kai, amma kan ne kawai ya ji, hannun bai ji ba. Shekara goma sha tara jikina ya koyi cewa jar fitila ce take fitar da magana waje. In ba ta kunna ba, ka yi tari, ka yi gulma, ka zagi mai tsara shiri, babu wanda zai ji. Saboda haka na kiyayi jan maɓalli kamar wuta, na riƙa danna kore hankali kwance.

A sashen da za a gabatar da shugabanni, manhajar ta zo da wani rubutun cike gurbi wanda ba Turanci ba, ba Hausa ba, ba komai ba. Idona ya ƙi ɗaukarsa. Na ce tunda ɗakin atisaye ne, bari in cike gurbin da Hausa mai kyau. Kuma da yake an horar da ni kada in rubuta abin da ban tabbatar ba, sai na rubuta gaskiya. Kowane shugaba layi biyu ko uku, a tsare, babu ƙari. Na danna kore a kan kowanne. Har nawa na rubuta.

Ana saura kwana huɗu Yagana ta tara mu ta yi bayani. Daga baya aka tabbatar mini cewa a wannan zaman ta faɗa, har sau biyu, cewa ranar Litinin za ta kwashe shafin gwaji gaba ɗaya ta mayar da shi na gaske, kuma duk abin da aka wallafa a ciki zai fito. Ina wurin, kujera ta biyu. Amma a lokacin ina ƙirga wuraren da ta ce "ya" a maimakon "ta", ina gyara mata a raina. Na samu biyar. Bayanin kuwa ya wuce ni.

Na dai san dole a canja rubutun wasan. Ranar Juma'a na zauna na rubuta na gaske a kansu, masu cike da "ƙwararre" da "jajirtacce" da "mai kishin al'umma". Da yake yanzu aikin gaske ne, sai na yi taka-tsantsan. Na danna mai ruwan toka, don Sakataren ƙaramar hukuma ya duba kafin su fita. Sakatare ya tafi ta'aziyya Konduga. Ni kuma duk lokacin da na buɗe kwamfutata sabon rubutun nake gani, sai na ɗauka duniya ma shi za ta gani.

Mu koma Talata. Ciyaman ya buɗe taro da jawabi, aka tafa. Yagana ta kunna majigi, shafin ya fito a jikin bango, kowane harafi kamar tafin hannu. Aka nuna sashen sanarwa, aka nuna hotunan rijiyoyin burtsatse. Sai Ciyaman ya ce, "Ai muna da mutumin rediyo. Malam, karanta mana shugabannin sassa da muryar nan taka, lawanai su ji."

Na gyara tsayuwa. Yagana ta danna, hoton Injiniya Goni, shugaban sashen ayyuka, ya cika bango.

Mai karanta labarai idonsa yana gaban bakinsa da layi ɗaya. Kafin in buɗe baki na riga na ga abin da ke ƙasan hoton. Abu na biyu da aka koya mana shi ne ba a barin iska shiru, ko ɗakin yana cin wuta. Don haka na kalli bangon kamar daga can nake ɗaukowa, na fara karanta na ranar Juma'a da ka.

"Injiniya Goni, ƙwararre ne kuma jajirtacce, wanda ya sadaukar da..."

"Malam, tsaya." Dattijon da ake kira Ba Modu ne, kansilan da ya fi kowa shekaru, a layin gaba, ya ɗaga tabarau zuwa goshi ya sake saukewa. "Ko idona ne? Ni ban ga ƙwararre ba. Baga Road na gani."

Kowa ya koma bango yana karantawa da leɓe. Yagana ta kai hannu za ta rufe. Ciyaman ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Bar shi, 'yata. Malam, karanta abin da ke rubuce. Ai an ce ba ka tuntuɓe."

Na karanta. Kuma, Allah shaida, da muryar labaran ƙarfe bakwai, don ba ni da wata.

"Injiniya Goni, shugaban sashen ayyuka. Ana samunsa a ofis ranar Litinin daga ƙarfe sha ɗaya zuwa azahar. Sauran ranaku a neme shi a Kasuwar Kifi ta Baga Road, rumfa ta uku daga bakin ƙofa."

Wani lawani ya sa hannun riga a baki. Injiniya Goni ya miƙe a hankali, na ce shi ke nan, yau za a yaga shadda. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya ne. Rumfa ta huɗu ce. Tun bara na tashi daga ta uku."

Dariyar da aka yi har masu gadi suka leƙo. Ni kuwa abin da ya fi sosa mini rai a wannan lokacin (ina faɗa ne don ku san irin mutumin da nake) shi ne na fitar da labarin da ban tantance ba.

"Na gaba," in ji Ciyaman.

"Malam Kyari, shugaban sashen noma. An ba shi kwamfuta shekara biyu da suka wuce. Har yanzu tana cikin ledarta, yana ɗora mata buhunan irin masara."

"Don kada ƙura ta shiga ne," in ji Malam Kyari, ba tare da ya kalli kowa ba.

Na gaba hoton Ciyaman ne da kansa. Na dubi agogo. Sha ɗaya da minti ashirin da biyu.

"Mai girma Ciyaman. In ya ce a taƙaice, a nemi wurin zama."

A wannan karon babu wanda ya yi dariya, domin a jawabin safiyar nan ya ce a taƙaice sau shida, kuma kowa a zaune yake. Ciyaman ya daɗe yana kallon hotonsa. Sannan ya ce, "Hoton ya yi kyau. Saura wa?"

Yagana ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Saura shi, ranka ya daɗe."

Da an bar ni a nan, da na fita a matsayin mai tsaurin ido wanda ya faɗi gaskiya, wasu ma su yaba a ɓoye. Amma hotona ya fito, na hular nan da nake karkatawa, kuma na riga na tuna abin da na rubuta.

"Jami'in yaɗa labarai. Shi kaɗai ne a wannan sakatariya yake jin Hausa yadda ya kamata. Ana roƙon sauran ma'aikata su riƙa sauraronsa, ko Allah zai sa su dace."

A nan muryata ta karye, karo na farko a rayuwata ta aiki. A gabana mutane ne masu Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa da Turanci, wasu har da Bura ko Marghi. Ni kuwa, haihuwar garin nan, ban wuce "wushe", wato sannu, a Kanuri ba.

Ba Modu ya juya ya faɗi wata gajeriyar magana da Kanuri. Zauren ya fashe. Lawanin nan har da hawaye, Yagana ta kifa kai a kan tebur. Ciyaman ya jira aka lafa, ya dube ni.

"Malam, fassara wa jama'a."

Na tsaya da makirufo a baki. Na ƙirga, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ban taɓa barin iska shiru haka ba.

Ba a kore ni ba. Bayan azahar Ciyaman ya kira ni ofis, ya ce zai yi magana a taƙaice, na nemi wurin zama. An ƙara mini wata uku na gwaji. Yagana ta cire koren maɓallin daga kwamfutata, ta bar mini mai ruwan toka kaɗai. Ikon wallafawa kuma aka ba Malam Kyari, bisa hujjar cewa shi ne bai taɓa danna komai bisa kuskure ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Yanzu in mutum yana bayani ina sauraron abin da yake faɗa, gyaran Hausarsa ya jira. Kuma na daina yarda da duk ɗakin da aka ce mini babu wanda yake ji.

Na tambayi mutum bakwai abin da Ba Modu ya ce, kowa sai ya yi dariya ya ce ba ya fassaruwa. Na fara koyon Kanuri wurin Yagana, Litinin da Laraba bayan la'asar, kuma tana ƙirga kurakuraina da ƙarfi. Malam Kyari ya cire ledar kwamfutarsa ranar Alhamis. Kafin a sauke rubutun a ranar Talatar, mutum uku daga Khaddamari sun gani a waya, suka tafi Baga Road da takardar gyaran kwalbati. Sun tambaya a rumfa ta uku, aka nuna musu ta huɗu, Injiniya ya sa musu hannu.