Damisar Mufulira da Kujerar Gaba

Ku matso ku zauna, ku ji labarin Ba Nkweto ("Ba" a can kamar "Malam" ne a wurinmu), Damisar Mufulira, wanda tun da aka fara haƙar jan ƙarfe a garin nan ba a haifi makaɗin jita kamarsa ba. Shi ya faɗa da bakinsa, wa kuwa ya fi shi sani?

Su huɗu ne a ƙungiyar kiɗansu. A garejin kawun mai ganga suke gwaji, suna cakuɗa kiɗan ƙasarsu na kalindula da rok na Turawa da ɗan taken coci. Amma sauran ukun ba wanda ya taɓa jin su, don in Damisa ya murɗe lasifikarsa, har kwanon rufin zauren ma'aikata sai ya yi kuka.

Ran wata Asabar da la'asar, Ba Simukonda, jami'in walwalar mahaƙa, ya zo kallon wasansu a zauren don yanke hukunci: ko a ci gaba da ba su aron kayan kiɗa, ko a kwashe a ba wasu.

"Ku dai ku bi bayana a hankali," in ji Damisa, yana taje tulin sumarsa. "Ni aka zo gani. Gwiwar nan ba ta san ƙasa ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Kapya mai ganga, yana hamma.

A waƙa ta biyu ya tuɓe riga ya wurga wa 'yan mata. A ta uku ya kaɗa jita da haƙori. Ya ja da baya zai daka tsalle, sai idonsa ya faɗa kan kujerar gaba. Uwar matarsa ce, Bana Chilufya, wato Maman Chilufya, da kwandon busasshen kifi a cinya. Wata uku da aure, ko bikin da zai halatta masa haɗa ido da ita ba a yi ba, balle ta ga cibiyarsa.

Damisa ya zube a gwiwa, ya tafa hannu na gaisuwa, ya rarrafa bayan lasifika, ya rage sauti da kansa.

"Fito mana, Damisa!" wani ya ƙwala daga baya. "Mama, a ba shi aron zani!"

Sai ga ganga ta fito sarai, ga muryar Musenge mawaƙi, wadda ashe daɗi gare ta. Zaure ya ruɗe da rawa. Har tsohuwa sai da ta kaɗa kafaɗa.

Da aka tashi, Ba Simukonda ya ce, "Ku riƙe kayan. Sharaɗi ɗaya ne: kujerar nan ta Mama ce kowace Asabar. Motar ofis za ta ɗauko ta."

Yanzu Damisa na ba da labari a kasuwa cewa shi ya ƙirƙiro salon kiɗa a tsugune. To ku da kuka ji, in ku ne masu zana allon tallar ƙungiyar, hoton wa za ku sa?