Jinyar Ɗan Golmo

Wani ne a Rikoto yake neman auren Talatu, 'yar Baba Sila, tsohon soja. Baba Sila kuwa mutumin da ne. Ya ce mai son 'yarsa sai ya yi golmo, ya noma masa gona damina bayan damina, kamar yadda shi ma ya yi kafin a ba shi Mama Leah. Mutumin namu ya yarda. Yana son Talatu har cikin ransa. Garma ce kawai ba ya so.

Ana haka sai shekarar murar tsuntsaye ta zo. Rediyo ba shi da zance sai ita. Kaji suka daina ciniki, tsofaffin da ke ci da kuɗin ƙwai suka shiga wani hali. Sai aka aiko wa ƙungiyar matan unguwa tallafi, dawa da manja da sabulu, don a duba marasa ƙarfi da marasa lafiya. Mama Leah ce shugaba. Talatu ce mai kai kunu gida-gida.

Ran nan mutumin yana gona ya hango Talatu da kwano a ka, ta shiga gidan wata tsohuwa. Ta daɗe a ciki, har yana jiyo dariyarta. Ya dubi garma, ya dubi rana.

Ya ce, "Ashe ni ne wawa. Ina nan ina gasuwa dominta, ita kuma tana can tana yi wa marasa lafiya fifita."

Washegari ya kwanta. Ya lulluɓa da bargo, ya shafa toka a leɓe, ya dinga tari har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.

Talatu ta zo da kunu, Mama Leah na biye da ita.

"Sannu, ɗana. Me ke damunka?"

"Komai, Mama."

"Zazzaɓi?"

"Akwai."

"Ciwon kai?"

"Shi ne ma babba."

Ya ga Talatu ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe. Ya ɗauka tausayi ne, sai ya ƙara gishiri.

"Ko cokali ba na iya ɗagawa, Mama. Sai dai a samu mai ba ni a baki. Tun ranar da zakarana ya yi mini atishawa a fuska ban sake jin daidai ba."

Mama Leah ta miƙe. Ta janye Talatu bayanta.

"Zakara ya yi maka atishawa?"

"'Yar ƙarama ce, Mama."

Kafin rana ta karkata an zo an tafi da zakaran a buhu. Zakaran da yake kiwo don ya kai gidan su Talatu ranar Kirsimeti. Aka ɗaure igiya a ƙofar gidansa, aka ce kada kowa ya tsallaka. Kunu bai fasa zuwa ba, amma a bakin doguwar gora ake turo shi. Mama Leah ke riƙe da gorar, hancinta ɗaure da ɗankwali. Talatu kuwa tana can nesa, gindin mangwaro.

"Talatu, matso mana."

"An hana."

"Ko kaɗan."

"Mama ta ce duk tarin da ka yi in ƙara ja da baya."

Ya so ya danne, amma maƙogwaro ya riga ya saba. Ya yi tari. Ta ja baya. Ya sake. Ta sake. Ranar a bayan mangwaro aka ƙarasa hirar.

Da aka kwana biyu sai Talatu ta zo ita kaɗai da gorar. Ta yi kitso sabo. Ta turo kwano, ta tsaya tana wasa da bakin zanenta.

"Kada ka damu da gonar Baba. Ƙungiya ta ce duk aikin da ya fi ƙarfin majinyaci a ɗauke masa. Philip ne yake yi maka golmo."

"Wane Philip?"

"Wanda ya dawo daga Kaduna. Mai faɗin kafaɗa."

Mutumin ya gyara kwanciya, ya kurɓi kunu. "Allah ya saka masa. Ki ce ya kula da wajen rafi, akwai ciyawa."

"Ya gama can tuni. Baba ya ce bai taɓa ganin noma irin nasa ba."

"Madalla."

"Ni nake kai masa ruwa. Yana da ban dariya."

Ya ajiye kwano.

"Baba kuma ya ce shi bai san suna ba. Wanda ya ga guminsa a gona, shi ya sani."

Bargo ya yi gabas, kunu ya yi yamma. Mutumin ya tsallake igiya ko takalmi babu. Jama'a suka hango mai murar tsuntsaye ya nufo su da farin leɓe, kowa ya kama gabansa. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta. Wani ɗan acaɓa ya sauke fasinja ya hau bishiya.

A gona ya tarar da Baba Sila da Mama Leah zaune a inuwa, Philip yana ta aiki ba riga. Ya fizge garmar daga hannunsa.

"Na warke."

Ya hau noma kamar ana binsa da bulala. Ciyawa ta tashi, dawar ma ta tashi. Talatu ta iso a baya, ta rufe baki da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

Mama Leah ta ce, "Ba kai ne ko cokali ba ka iya ɗagawa ba?"

"Kununku ne, Mama. Magani ne."

"Tarin fa?"

"Ya bi zakara."

Baba Sila ya dubi dawarsa da ke kwance a ƙasa. Ya dubi Philip. Sannan ya dubi mutumin, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Koma ka kwanta, ɗana. Ƙungiya ba ta barin aiki rabi. Auren ma Philip zai yi maka."