Yadda Ake Saka Furogiram na Kyauta a Kwamfuta, a Tafi Biko da Ita

Kai mai kwamfuta a gida, da kai mai mafarkin mallakarta, ku matso. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka ga zanen da idonka bai taɓa gani ba a gilashin na'urarka, kuma sunanka zai zagaya garuruwa biyu. Ban ce ga irin sunan ba. Wannan ilimi daga Malam Lukuman na Kalgo na samo shi, ma'aikacin safiyo mai auna filaye a Birnin Kebbi, wanda ya bi hanyar daga farko har ƙarshe a bazarar 1996, kuma yana nan da ransa.

Mataki na ɗaya: Samu na'urar, ka ba ta ɗaki

Lukuman a gwanjo ya sami tasa, lokacin da wani aikin noman rani ya naɗe tabarmarsa aka fitar da kayan ofis. Da aka sauke ta a ƙofar gida, maƙwabta suka taya shi murnar sabon talabijin, suka tambayi ina eriya. Ya yi murmushin wanda ya san abin da mutane ba su sani ba. Kai ma ka koyi wannan murmushi tun yanzu, don shi ne rabin aikin.

Kwamfuta ba ta son zafi, Kalgo kuwa a bazara ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Fanka ɗaya ce a gidan, a ɗakin matarsa Albarka, tana kaɗa wa 'yarsu Huseina da ke goye. Lukuman ya ɗauko ta ya girke a bayan na'urar. Ya kuma ciro wata atamfa daga kayan lefen Albarka ya lulluɓe gilashin saboda ƙudaje. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ba ta ce komai ba. Shirun mace alamar amincewa ce. Haka Lukuman ya fahimta, kuma haka nake so ka fahimta in kana son labarinka ya yi nisa irin nasa.

Mataki na biyu: Nemo faifan kyauta

Wani abokin aikinsa, Hassan, ya dawo daga kwas a Zariya da ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu, wanda ake kira filofi. Ya ce a ciki akwai furogiram da wasu masu lissafi na ƙasashen waje suka rubuta, suka ce kowa ya kwafa ba ko sisi. Aikinsa zana abin da ake ce wa firaktal: zane ne da lissafi ke haifarwa, in ka ɗauki ɗan gefensa ka faɗaɗa sai ka sake ganin wani zanen a ciki, ka faɗaɗa wancan ka ga wani, ba ya ƙarewa. Lukuman ya tambayi amfaninsa. Hassan ya ce ai kyauta ne.

Ka riƙe wannan amsa da kyau. Ka kuma sani cewa kalmar kyauta faifan kaɗai ta shafa.

Mataki na uku: Kwafa, ka jira, ka sake jira

Zura faifan a bakin na'urar har ka ji ya ce ƙas. Gilashi zai yi baƙi ƙirin, da wani ɗan layi yana ƙyafta maka ido. Buga umarnin kwafewa. Na'urar za ta ce ba ta san wannan umarni ba. Kada ka karaya, ita ma gwada ka take yi. Lukuman sai da ya gano cewa harafi ɗaya yake juyawa, kuma daidai lokacin da ya gyara aka ɗauke wuta. Ya je ya aro janareta wurin mai shagon sanyi na bakin kasuwa.

Bayan kwafewa, furogiram ɗin zai tambaye ka irin gilashin da kake da shi. Ba ka sani ba, shi ma Lukuman bai sani ba. Ya riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Wani zaɓin ya sa gilashin ya yi fito kamar buta a kan wuta, wani ya sa ya mutu sai an kashe an kunna. A ƙarshe ya dace, zane ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, da saurin da rake ke tsiro.

A cikin kwanakin nan Albarka ta kira shi cin abinci, ya ce yana zuwa. Ta ce ƙurajen zafi sun feso wa Huseina a wuya da baya, ya ce bari layin nan ya ƙarasa. Wata safiya da hantsi zanen ya cika: wani baƙin abu mai ƙaton ciki da ɗan kai, kewaye da shuɗi mai kyan gaske. Lukuman ya tashi da sauri ya kira matarsa ta zo ta gani. Ɗakin ba kowa. Zulai maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta gaya masa cewa Albarka ta bi motar sassafe zuwa gidansu a Gwandu, ta kuma bar saƙo cewa tun da fanka ta sami wadda take so, ita ba za ta shiga tsakani ba.

Ya koma ya zauna gaban zanen. Yana nan da kyansa, amma ba wanda za a nuna wa.

Mataki na huɗu: Ɗauki maganar manya yadda suka faɗe ta

Lukuman ya yi abin da aka saba, ya tura kawunsa biko da goro. Kawun ya dawo shi kaɗai. Ya ce Alhaji Tambari, mahaifin Albarka, ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce yana so ya ga da idonsa wannan abu da ya fi jikarsa bukatar iska.

Duk mai hankali ya san gatse ne. Lukuman kuwa ya ɗauki shatar a-kori-kura, ya loda na'ura da gilashi da janareta da fanka, ya zauna a baya ya rungume su har Gwandu.

Mataki na biyar: In an yi maka fassara, kada ka gyara

A zauren Alhaji Tambari ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa kansa a ƙasa, sannan ya shiga haɗa wayoyi. Dattawan unguwa suka cika zauren. Aka tayar da janareta a waje, zane ya fara saukowa har ya cika.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "To, wanga kuma mi ne?"

Lukuman ya buɗe baki zai ce lissafi ne, sai ya ji kalmar ta yi masa ƙanƙanta a gaban mutumin da aka ɓata wa 'ya saboda ita. Kafin ya samo wata, wani maƙwabci ya ce ai tun da yaron ma'aikacin safiyo ne, taswira ce. Alhaji ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana dubawa.

"Ai wanga tabkin Masama na," in ji shi.

Ka lura da kyau, nan ne gwanintar take. Ba a musu da suruki a zaurensa. Lukuman ya sunkuyar da kai, aka ɗauki sunkuyon a matsayin shaidar gwamnati.

Abin da bai tuna ba sai a lokacin shi ne, a bakin wannan tabki akwai gonar rake da Alhaji Tambari da ƙanensa Bawa suka gada. Tun rasuwar mahaifinsu suke jayayya kan inda iyaka ta bi. An kai magana gaban dangi, an kai gaban mai gari, ba ta mutu ba. Har ta kai in sun haɗu a masallaci, sallama ce kawai ke haɗa su. Alhaji ya juya ya ce a kira masa Bawa, yau na'ura za ta raba gardama.

Mataki na shida: Faɗaɗa, ka ƙara faɗaɗawa

Bawa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga. Da aka ce ga gonarsa a talabijin, ya shigo ya zauna can ƙarshen tabarma. Alhaji ya ɗora yatsa a kan wani lungu na zanen ya ce a buɗe nan. Lukuman ya ja ɗan akwati a wurin ya danna. Aka jira. Lungun ya fito ƙato, ya lanƙwasa ta ɓangaren da Alhaji ya ce nasa ne. Alhaji ya gyara zama. Bawa ya matso ya nuna wani ɗan ƙaho a cikin lungun ya ce a buɗe wannan. Aka buɗe, sai ga shi ya karkata ta wajen Bawa. A cikinsa kuma akwai wani da ya koma wa Alhaji.

Kada ka ji tsoro a wannan mataki. Na'urar ba za ta taɓa ba kowa gaskiya ba, kuma ba za ta hana kowa ba.

Can gwiwar hannun Lukuman ta taɓa wani maɓalli bisa kuskure, launukan suka fara gudu suna shiga juna kamar ruwa. Bawa ya ce wannan ambaliyar shekarar da aka yi asarar rake ce, ita ta cinye iyakar tun farko. Alhaji ya ce ƙwarai, shi ma ya tuna. Dattawan suka kalli juna, don rabon da a ji 'yan'uwan nan sun yarda da magana ɗaya an manta. Da aka kawo tuwo daga cikin gida, kwano ɗaya suka sa hannu, idanunsu na kan gilashi.

Bayan la'asar Alhaji ya kira Lukuman ya yi masa faɗa a taƙaice kan hakkin iyali, ya ce ya ɗauki matarsa su tafi. Na'ura kuwa za ta zauna a zaure har a gano iyaka. Albarka ta fito da Huseina a baya, ta wuce kai tsaye ta zare fankar daga bayan na'urar, ta riƙe ta a cinya har Kalgo.

Sun wuce Birnin Kebbi kafin ta yi magana. "Malam, ba taswira ba ce, ko?"

Ya ce ba ita ba ce.

"To, ka san yadda za ka yi da Baba. Ni ban ji ba, ban gani ba."

Mataki na bakwai: In gaskiya ta matsa maka, faɗe ta ga mutum ɗaya

Daga nan kowace Asabar Lukuman na kan hanyar Gwandu, don ba wanda ya iya tayar da na'urar sai shi. Labari ya bazu. Manoma daga Masama da Ceberu suka fara zuwa a duba musu gonaki, wani har da rigimar rijiya. Lukuman ya rame. In maganar ta kai ofis cewa yana raba wa mutane ƙasa da zanen wasa, aikinsa ya tafi. In kuma surukinsa ya ji daga bakin wani, matar ce za ta sake tafiya, kuma wannan karon ba kawun da zai iya dawo da ita.

Wata Asabar bayan azahar ya sami Alhaji shi kaɗai a zaure. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Wannan zane ba tabkin Masama ba ne. Lissafi ne kawai, ba ya nuna gonar kowa."

Alhaji bai ko ɗago daga carbinsa ba. "Na sani. Yaushe tabkin Masama ya yi kai kamar duma? Amma Bawa bai sani ba, kuma tun da abin ga ya zo shina cin tuwo gidan ga. Ka ja bakinka. Mutanen Ceberu kuwa ka bar ni da su, zan ce musu na'urar gonar gado ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda."

Lukuman ya fito ya nufi hanyar gida. Yana tsaye a tasha yana jiran mota sai ga Bawa da daurin rake a kafaɗa. Ya ja shi gefe, ya waiga hagu da dama, ya sauke murya.

"Ɗana, ni tun ranar farko na gane zanen banza ne. Amma kada ka kuskura ka gaya ma Yaya. Tsoho ne, ya yarda da abin, kuma yana jin daɗinsa." Ya ɗora masa raken a hannu. "Mako mai zuwa ka fara buɗe mana wajen jan nan na ƙasa. Na lura ta nan ina gaba da shi."

Lukuman ya ce to. Da ya isa gida Albarka ta tambaye shi ko ya faɗa, ya ce ya faɗa. Ta tambayi yaushe za a dawo da na'urar. Ya ce sai an gano iyaka.

Sanarwa ga mai karatu

Marubucin wannan jagora bai taɓa mallakar kwamfuta ba, kuma ba shi da gona a bakin kowane tabki. In ka bi matakan nan matarka ta tafi ba ta dawo ba, ko surukinka ya kasance ba shi da ƙane, ko kuwa yana da shi amma su biyun suka yarda da zanen da gaske, kada ka neme ni. Ka nemi Malam Lukuman. Ranar Asabar ba ya gida.