Rasuwar Alwatikar Maharazu Mai Lambatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta huce ba, Maharazu mai haƙa lambatun hanyar Jibiya yana sanar da rasuwar alwatikarsa ta icen maɗaci, wadda ya gada wurin ubansa Bawa.

Marigayiyar ba ta da yawan magana, sai ƙwas-ƙwas a haƙarƙarin jaki in za su aiki. Ƙafarta doguwa takan miƙe sak, gajeriyar ta sauka tsaye, ta ukun ta kwanta a cikin lambatu. Daga nan Maharazu ke sanin gangare: in an yi gaba kaza, a yi ƙasa kaza. Ko a kan hanya aka aza ta ko a gindinta, amsarta ɗaya ce.

Ciwon ajalinta daga aro ya fara. Kalilu, yayan matarsa Salmatu, mai aikin hanya a ɓangaren da Faransawa ke mulki, ya are ta ya tsallaka iyaka da ita. Can da mitir suke awo, mu nan da inci. Da gajeriyar ƙafar ta ƙi yin daidai da sandar awonsu, sai gwani Kalilu ya datse ta, ya sake haɗawa, ya shafe da man gyaɗa. Ya maido ta tana ƙyalli, kamar ba abin da ya same ta.

Maharazu ya yarda da ita kamar kullum, ya haƙa lambatun ƙauyen Farfaru. Ruwan farko ya zo ya rasa gangare, ya kwanta, ya bi ta ƙarƙashin rumbunan mutane. Masu gero suka karya marigayiyar a gabansa, aka sallame shi daga aiki. Sai da yana tsince gutsattsarinta ya ga sabon yankan zarto. Abin da ke cin ransa, in ya faɗi gaskiya gaban dagaci a wanke sunansa, Kalilu za a ɗaure, Salmatu kuma ba ta da wani ɗan'uwa sai shi. Ya haɗiye maganar.

Ta bar igiya, da turaku, da jaki, da magidanci wanda ko ramin shara ba mai ba shi haƙa yanzu.

Za a binne ta bayan La'asar a gindin kurnar ƙofar gida, a karɓi gaisuwa a zaure. Kalilu ya aiko cewa yana tafe, kuma Maharazu da hannunsa zai shimfiɗa masa tabarma.